Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Japan Ta Koyi Ƙera Jiragen Saman Yaƙi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau takardu huɗu na ware daga cikin waɗanda suka iso mana, saboda duk huɗun magana ɗaya suka kewaye, wato jiragen saman yaƙi na ƙasar Japan tun daga farkonsu.

Ta farko daga Gusau ta fito. Wani bawan Allah bakanike, wanda ya ce ya haura shekara 20 yana kwance injinan Japan yana ɗaurawa, shi ke son sanin ko mutanen Japan da kansu suka ƙirƙiro jirgin samansu, ko kuwa kwaikwayon Turawa suka yi.

To Malam, a gaida yaran gareji. Da kwaikwayo suka fara, amma bari in ja ka baya kaɗan, don akwai wani mutum da bai kamata a tsallake shi ba. Sunansa Chuhachi Ninomiya, ƙaramin soja a sashen kula da marasa lafiya. Wata rana suna atisaye ya zauna cin abinci, sai ya lura da hankaki suna shawagi ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Abin ya tsaya masa a rai. A 1891 ya haɗa ɗan ƙaramin jirgi mai siffar hankaka, da farfela da roba wadda ake murɗawa, ya sake shi ya tashi kamar mita 10. Shekara 12 ke nan kafin 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright su tashi a Amurka. A 1894 ya kai wa manyansa takarda yana roƙon a ba shi dama ya ƙera babba wanda zai ɗauki mutum, aka yi watsi da ita. Jami'in da ya ƙi, Gaishi Nagaoka, shi ne daga baya aka ɗora a kan kwamitin da aka kafa a 1909 don nazarin balan-balan da jiragen sama na soja, kuma bayan shekaru ya nemi gafarar Ninomiya. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Abin da ɗan gida ya so ya gwada, sai da aka je Turai aka sayo shi.

A 1910 aka tura kyaftin biyu, Yoshitoshi Tokugawa zuwa Faransa, Kumazo Hino zuwa Jamus, kowa ya koyi tuƙi ya dawo da jirgi. Ranar 19 ga Disamba na wannan shekara, a filin fareti na Yoyogi da ke Tokyo, Tokugawa ya tashi da jirgin Farman, ya yi tafiyar kamar kilomita 3 a sama, ya sauka lafiya. Jirgin nan sanduna ne na katako, fiffike biyu ɗaya bisa ɗaya an lulluɓe su da yadi, an ɗaure komai da wayoyi. Matuƙi yana zaune a gaba a fili iska na dukansa, inji yana bayansa yana tura jirgin.

Injin kuwa, Malam, nan na san za ka gyara zama. Gnome ake ce masa, silinda 7, ƙarfin doki 50. A injin da ka saba da shi, jikin injin yana tsaye, sandar tsakiya ke juyawa. A wannan injin kuwa, sandar aka ɗaure wa jirgin, jikin injin gaba ɗaya da silindojinsa shi ke juyawa tare da farfela. Iskar juyin ita ke sanyaya shi, babu lagireto, babu ruwa. Man zurma shi ne baƙin mansa, domin fetur ba ya narkar da shi. A 1911 aka buɗe filin jirgi na farko a Tokorozawa, kuma a shekarar Tokugawa ya haɗa jirgin soja na farko da aka yi a gida, mai suna Kaishiki. Siffarsa ta Farman ce da 'yan gyare-gyare, injinsa kuma na Faransa.

Yaƙi bai daɗe bai same su ba. A 1914 Japan ta yi wa garin Tsingtao na gaɓar Sin ƙawanya, lokacin yana hannun Jamus. Sojojin ruwa suka zo da wani jirgin dakon kaya da aka gyara, Wakamiya, ɗauke da jiragen Farman 4 masu sauka a kan ruwa. Da ƙugiya ake sauke su kan teku, su tashi, su dawo, a sake ɗaga su. Ranar 6 ga Satumba suka jefa bama-bamai kan jiragen ruwan abokan gaba, ba su samu ko ɗaya ba, amma wannan yana cikin hare-haren sama na farko a duniya da aka kai daga jirgin ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka yi bayan an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba su tsaya ga sayen kaya ba, masu yin kayan suka ɗauko. A 1919 Kanar Faure ya zo daga Faransa da tawaga ya horar da sojojin ƙasa. A 1921 Sempill ya zo daga Ingila ya zauna da sojojin ruwa a Kasumigaura. Kamfanin Mitsubishi ya ɗauko Herbert Smith, wanda ya yi wa kamfanin Sopwith zanen jiragen yaƙi, ya kai shi Nagoya. Shi ya zana jirgin da a 1923 ya fara sauka a kan Hosho, jirgin ruwa na farko a duniya da aka ƙera tun daga tushe don dakon jiragen sama kuma ya shiga aiki. Kawasaki ya ɗauko Bajamushe Richard Vogt ya riƙe shi shekara 10. Kowane baƙo a cikin waɗannan an jera masa samarin injiniyoyi a gefe suna kallon hannunsa, kamar yadda kai ma ka tsaya gefen ubangidanka kafin a yaye ka. Ɗaya daga cikin yaran Vogt, Takeo Doi, shi ya zama babban mai zanen jiragen Kawasaki. Akwai kuma Chikuhei Nakajima, hafsan sojan ruwa da ya ajiye kaki a 1917 ya buɗe masana'antarsa a Ota. Motar Subaru daga tsatson wannan kamfani ta fito.

A 1932 sojojin ruwa suka ce lokacin yaye ya yi, a kawo musu zanen 'yan gida. Mitsubishi ya ba wa wani saurayi aikin, Jiro Horikoshi, bai cika shekara 30 ba. Jirage biyu aka yi na gwaji, dukansu suka faɗi, matuƙan suka tsira da lema. Duk da haka ba a kore shi ba, aka sake ba shi wani. Ranar 4 ga Fabrairu 1935 sabon jirginsa ya tashi: ƙarfe ne zalla, fiffike ɗaya, babu sanda ko waya a waje. Ƙusoshin da ke riƙe fatar jirgi dubbai ne, kuma a da kawunansu a waje suke, kowace tana ɗan tare iska. Horikoshi ya sa aka nutsar da su, jikin ya zama sumul. An nemi gudun kilomita 350 a awa ɗaya, jirgin ya kai wajen 450. Shi ya zama A5M. Shekara 25 kacal tsakanin wancan Farman na katako da yadi da wannan, Malam.

Takarda ta biyu daga Damagaram, wata malamar makaranta ce ke tambaya me ya sa za a raɗa wa jirgin yaƙi suna Zero, alhali ma'anar kalmar sifili.

Malama, lissafin shekaru ne ya kawo haka. Japan tana da ƙidayarta ta gargajiya wadda ke farawa shekara 660 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, lokacin da suke cewa sarkinsu na farko ya hau mulki. Idan aka karɓi jirgi, sai a ba shi lambobin ƙarshe na shekarar. Shekarar 1936 a wurinsu 2596 ce, shi ya sa A5M ake ce masa samfurin 96. Shekarar 1940 kuwa 2600 ce, lambobin ƙarshe sifili ne, sai jirgin da sojojin ruwa suka karɓa a shekarar ya zama samfurin sifili. Sojojin ƙasa su kuma 100 suke cewa a wannan shekara, don ko a suna ba su cika haɗa kai da na ruwa ba. Kafin wannan tsari da shekarun sarautar sarki ake ƙirgawa, don haka jirgin Herbert Smith na 1921 ya zama samfurin 10, shekara ta 10 ta Sarki Taisho. Wannan lissafi ya rikita Amurkawa, sai a 1942 suka raɗa nasu sunaye: jiragen faɗa sunayen maza, kamar Claude da Zeke da Oscar, masu jefa bam sunayen mata, kamar Betty da Nell.

Ta uku daga zangon Kumasi. Wani ɗan'uwa ya ce ya ji an ce jirgin Kamikaze ya taɓa sauka a Landan har aka yi masa maraba, yana tambaya yaya haka za ta yiwu ga jirgin ƙunar baƙin wake.

Abu biyu ne suka haɗa suna, ɗan'uwa. Kamikaze a harshensu iska ce daga sama, sunan da suka ba guguwar da ta tarwatsa jiragen ruwan Mongol da suka zo mamaye su a ƙarni na 13. A Afrilun 1937 jaridar Asahi ta sa wannan suna ga wani jirgin Mitsubishi samfurin Ki-15, wanda asalinsa na leƙen asirin soja ne. Matuƙi Masaaki Iinuma da abokin tafiyarsa Kenji Tsukagoshi suka kai shi daga Tokyo zuwa Landan, sama da kilomita 15,000, cikin awa 94 har da tsaye-tsaye a hanya, albarkacin bikin naɗin Sarki George na Shida. Hare-haren ƙunar baƙin wake sai a ƙarshen 1944 aka fara su.

Takarda ta ƙarshe daga Bauchi, wani matashi ne da kakansa ya yi yaƙin Bama. Ya ce marigayin yakan ba su labarin jiragen Japan, yana cewa suna da zafin nama amma da wuta ta taɓa su sai su kama. Yana tambaya wane irin jirgi ne, kuma gaskiya ne?

Allah ya jiƙan Baba, ya yi masa rahama. Dubban 'yan Arewa sun je Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Sararin Bama na sojojin ƙasan Japan ne, don haka jirgin faɗan da ya fi yawa a can shi ne Nakajima Ki-43, wanda suke kira Hayabusa, wato shaho. Ya yi kama da Zero ƙwarai, har matuƙan Ingila sukan rikita su. Lokacin da mutanenmu suka isa, ƙarfin Japan a sama ya fara ja baya, yawancin jiragen da ke wucewa ta kansu na ƙawance ne masu jefo musu abinci da harsashi.

Maganar Baba gaskiya ce, kuma tushenta a teburin zane yake. Japan ta iya ƙera jikin jirgi kafin ta iya ƙera inji mai ƙarfi. Injin Sakae da aka sa wa Zero na farkon yaƙi bai kai ƙarfin doki 1,000 ba, alhali Amurka ba da daɗewa ba ta fito da na 2,000. Ga shi sojoji sun nemi gudun kilomita 500 a awa, da dogon zango, da saurin juyawa, har kamfanin Nakajima ya duba sharuɗɗan ya janye. Hanya ɗaya ta rage wa Horikoshi, wanda shi aka ba zanen Zero, ya rage nauyi. Aka yi ƙashin fiffike da wani sabon gaurayen alminiyam mai ƙarfi da kamfanin Sumitomo ya fitar, aka huhhuda ƙarafan ciki duk inda za su jure. Sulken da ke kare bayan matuƙi, babu. Robar da ke toshe tankin mai idan harsashi ya huda shi, babu. Hayabusa na farko ma haka yake. Matuƙan da kansu sun fi son jirgi mara nauyi da ganin ko'ina, har da aka yi wa wani samfurin A5M rufin gilashi sai suka ƙi shi, aka koma buɗaɗɗe. A farkon yaƙi wannan ya biya su. Da abokan gaba suka gane cewa kada a yi kokawar juyi da shi, a faɗo masa daga sama a buɗe wuta a wuce, sai ƙwararrun matuƙan da aka ɗauki shekaru ana horarwa suka dinga ƙonewa a cikin jiragensu, kuma ba a samu madadinsu ba.

Akwai wani abu da nake so ka sani game da Zero na farko. A Maris 1939, da aka gama shi a masana'antar Nagoya, babu filin tashi a kusa. Sai aka kwance shi aka ɗora a amalanken shanu, aka bi hanya mai gargada kusan kilomita 48 zuwa filin Kagamigahara, a can ya tashi ranar 1 ga Afrilu. Yaƙinsa na farko kuma, ranar 13 ga Satumba 1940, a sararin Chongqing aka yi shi, yana rakiyar jiragen da suka shafe shekaru suna ruwan bama-bamai a kan wannan birni na Sin. Dubban fararen hula ne suka mutu a can, mata da yara da tsofaffi, kuma ba na iya ba da labarin ƙusoshin Horikoshi ban ambace su ba.

Nan za mu dasa aya, lokaci ya cim mana. Mai tambaya daga Agadas kan jiragen ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin teku, takardarka ta iso, mako mai zuwa da ita za mu fara in Allah ya kai mu. A huta lafiya.