Kuskuren Da Ke Faruwa Cikin Ƙwan Mace Tun Kafin Samun Ciki

Jama'a, a cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu 'yan sanduna ƙanana ƙwarai. Waɗannan 'yan sandunan su ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gadon halittar mutum. Kusan kowace ƙwayar jikinmu tana da 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Shi ya sa dole ƙwan mace da maniyyin namiji kowanne ya zo da rabi kawai. Rabon da ke rage adadin shi ne mayosis.

Kafin a raba, akwai wani furotin mai siffar zobe, kohesin, da ke riƙe kuromosom kada su watse. Lokaci na yi sai a datse zoben, wasu siraran zaruruwa su ja kowane kashi gefe guda. Abin mamaki, a jikin yis na kwaɓin burodi aka gano zoben nan, a ƙarshen shekarun 1990. A 2004 kuma Yoshinori Watanabe da abokan aikinsa a Jami'ar Tokiyo suka gano shugoshin, furotin da ke tsare zoben da ke tsakiyar kuromosom har sai zagaye na biyu ya zo, domin rabon sau biyu ake yin sa.

To, ina matsalar? Namiji kullum sabon maniyyi yake yi. Ita kuwa mace, ƙwayayenta sun fara wannan rabo tun tana cikin mahaifiyarta, sai suka tsaya cak. Ƙwan da ya fito tana da shekara 40, shekara 40 ya yi yana jira, zoben kuma yana ta sassautawa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna ba a sabunta shi. In ya saki, kuromosom ɗaya sai ya bi hanyar da ba tasa ba. Idan kuromosom mai lamba 21 ne ya zama uku maimakon biyu, ana haifar yaro da larurar Down, kamar yadda aka gano a Faris a 1959. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni uku na farko ma daga irin wannan kuskure yake. Ba ɗaukar bokiti ba ne, ba sakacin uwa ba ne.

Wane kamfani zai zuba kuɗi shekara da shekaru a zauna ana kallon ƙwai? Da wuya. Kuɗin harajin mutanen Birtaniya ne, ta hukumar binciken lafiya ta ƙasar, MRC, ya riƙe ɗakin binciken wata masaniyar kimiyya, Melina Schuh, a Kambirij. Matan da ke neman haihuwa a asibitin Bourn Hall da ke kusa da Kambirij suka ba da ƙwayayen da ba su nuna ba, aka ɗauki bidiyonsu ta madubin hangen ƙananan halittu. Sakamakon ya fito a 2015: zaruruwan ƙwan ɗan Adam sai sun yi wajen awa 16 kafin su jeru, kuma sau da yawa suna jeruwa suna wargajewa.

Daga nan Schuh ta koma cibiyar Max Planck a Jamus, ita ma da kuɗin gwamnati take aiki. A 2022 suka nuna ƙwan mace yana da ƙarancin wani furotin, KIFC1, wanda na ɓera da na saniya suke da shi isasshe. Da suka ƙara shi, zaruruwan suka daidaita, kuskure ya ragu. Amma fa a ɗakin gwaji ne, bai zama maganin da likita zai rubuta ba tukuna.