Sharhi: 'Yan ajinmu sun fara ajiye aiki

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Shekaranjiya da asuba ina duba waya bayan na dawo daga masallaci sai na ga an turo hoto a guruf ɗinmu na 'yan aji, wani abokinmu ne sanye da babbar riga ana miƙa masa agogon bango da ɗan allon yabo, ƙasan hoton an rubuta Allah ya sanya albarka a hutun da za a shiga. Na ƙirga, shi ne na shida a cikin shekara ɗaya. Toh kun ji abin da ya tayar da sharhin yau, mu da muka bar fom faif wajen 1983 zuwa 1985 layi ya zo kanmu, ritaya ta shigo aji tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda monita ke kiran rajista.

Lissafin ba wuya. Dokar aikin gwamnati a Najeriya ta ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa ita ce. Wanda aka haifa 1965 ko 1966, ya gama sakandare, ya yi jami'a ya yi bautar ƙasa ya kama aiki wajen 1990, ai duka biyun ma tare suke cim masa. Malaman makaranta ne suka samu ƙari, a 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai su shekara 65 ko 40 a aiki, duk da ba kowace jiha ta bi nan take ba, farfesoshi kuma sai 70. Shi ya sa a guruf ake tsokanar farfesan ajinmu wai shi ne zai kulle ƙofa ya kashe fitila bayan kowa ya watse.

Wani abin dariya kuma, 'yan aji su ne mutanen da ba a iya ɓoye wa shekaru. Kowa ya san zamaninmu ba kowa ke da takardar haihuwa ba, kotu ake zuwa a yi rantsuwa, sai ka ga mutum yana da shekarun takarda da shekarun Allah. Akwai wanda ranar da muka shiga fom wan ya riga ya fara aske gemu, shi ke raba mu faɗa, amma yau a fayil ɗin ofis ƙanenmu ne da shekara uku. Ba ma cewa komai, sai dai in an haɗu a ce yaya ƙaramin yaro, a yi dariya. Shekara 35 ɗin dai ba ta san rantsuwar kotu ba, tana nan tana jiransa.

Mu fa 'yan makarantar kwana ne, kuma duk wanda ya yi ta a wancan lokacin ya san irin zaman da nake nufi. Akwatin ƙarfe da ɗan kwaɗo, garin kwaki da ƙuli-ƙuli na ranar da gabza ta ƙi ciyuwa, langa-langa a hannu ana sharɓar ciyawa saboda lebo firfet ya tashi da fushi, siniyoyi su aike ka ɗebo ruwa da sanyin asuba a watan Janairu ƙafa duk kaushi. Gwamnati ke ciyar da mu, ta ba mu littafi da sabulu, wani lokaci har kuɗin mota in an yi hutu. Ɗan sarki da ɗan maƙeri kwano ɗaya, in bulala ce ma layi ɗaya. Shekara biyar kuna haka da mutum, ka san minsharinsa, ka san ranar da ya yi kuka don kewar gida, ai ko ya zama babban sakatare in ka kalle shi wannan yaron kake gani.

Daga nan aka watse. Wasu jami'a, wasu soja, wasu kwalejin malamai, wasu suka koma gona ko kasuwa, ga SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, ta shigo a 1986 kowa ya shiga ta kansa. Sai a shekara ashirin ba ka ji ɗuriyar mutum ba, ba waya, sai dai wasiƙa ko saƙon baki a tasha. Tsofaffin makarantu irin su Barewa da aka kafa tun 1921 a Katsina kafin ta zauna a Zariya, ko Rumfa ta Kano, su daman ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibansu sun daɗe da ƙarfi, suna da manya suna da kuɗi. Mu 'yan ƙananan makarantun da aka buɗe a garuruwa sai da WhatsApp ya zo muka tattaru, wannan ya kawo lambar wancan, wancan ya ce ai na ga wane a asibiti, cikin wata biyu aka haɗa mutum sittin da wani abu. Ranar farko har ƙarfe biyun dare ana ta tone-tonen laƙabi.

Gaskiya guruf ya yi rana, ba zan ci amanarsa ba. Ta nan muke jin aure da suna da rasuwa, ta nan aka haɗa wa marayun wani abokinmu kuɗin makaranta, ta nan likitan ajinmu ke duba sakamakon gwaji kyauta, don yanzu hirar tamu rabi ta hawan jini ce da suga da ciwon gwiwa, da wa ya san inda ake samun magani da sauƙi. Su mata 'yan uwanmu da suka yi makarantun 'yan mata ma na ji suna nasu, kuma an ce sun fi mu riƙo, duk da nemo su ya fi wuya tunda aure ya kai wata Jos wata Maiduguri wata har Yamai.

Amma ga inda nake so mu tsaya. A guruf na mutum sittin, masu magana ba su wuce goma sha biyar ba, kuma in ka lura yawanci waɗanda Allah ya buɗa wa ne. An ƙara wa wane girma, ɗan wane ya gama digiri a Malesiya, wane ya sauka lafiya daga Umara, sai sitika da barka-barka har ɗari. Sauran fa? Suna karantawa su yi shiru. Wata rana sai ka ga an rubuta wane ya fita, admin ya ce ƙila waya ce ta lalace, shikenan an wuce wajen.

Haka wani abokinmu ya fita bara, wanda a aji shi ne gwanin lissafi, mu duka wajensa muke kwafa. Aikin ƙaramar hukuma ya yi har ya ajiye. Na yi ta cewa zan je zan je, sai bayan wata bakwai hanya ta bi da ni garinsu na tsaya. Na same shi a zaure kan tabarma da rediyo a gefe, ya tashi ya rungume ni yana kiran sunan da rabon da a kira ni da shi tun ina ɗan shekara sha bakwai. Aka kawo ruwa a kofin silba, muka yi ta hira, sai can na ce malam me ya fitar da kai daga cikinmu? Ya yi murmushi ya ce, kai dai bari, kun ce karo-karon taron shekara dubu ashirin-ashirin, kuma kullum sai a jero sunayen waɗanda suka biya da na waɗanda ba su biya ba, ni kuwa wata goma sha ɗaya kenan ban ga fansho ba balle garatuti, ga 'yan mata biyu a gabana, kullum in buɗe waya in ga sunana a layin ƙasa, sai na ga gara in ba ku wuri. Ya jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin tabarma ya buɗe min, takardar kama aiki, ta ƙarin girma, ta ajiye aiki, hotuna fasfo sun fi goma, duk na zuwa tantancewa ne, ya ce sau huɗu yana zuwa hedikwata ana cewa a dawo. Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma ina cikin masu tura sitikar tafi duk sanda aka jero sunayen nan.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan na ma'aikacin ƙaramar hukuma ne kawai. Tsarin fanshon karo-karo da aka kawo a 2004 zamanin Obasanjo, aka gyara a 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki na zuba kashi 10, kuɗin na taruwa a asusunsa a kamfanin fansho ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. In ka ajiye aiki a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran a dinga gutsuro maka duk wata. Toh amma 'yan ajinmu sun kama aiki tun kafin 2004, akwai haƙƙinsu na shekarun baya wanda a da sai gwamnati ta zuba shi tukuna kafin a fara biya, a nan aka sha samun jiran da ke cinye mutum. Jihohi kuma kowacce da nata salon. Sannan ko an fara biya, kuɗin da aka lissafa da farashin da, ya zo ya tarar da kasuwar bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023. Wanda bai taɓa aikin gwamnati ba kuwa, direba ko tela ko ɗan tireda, shi ba wanda zai ba shi agogon bango ma, ranar da jiki ya ce ya gaji ranar ce ritayarsa.

Su ma manyan namu akwai tasu jarabawar. Wani da ya sauka daga kujerar darakta ya faɗa min da bakinsa, ya ce sati biyu da sauka ya ɗauka wayarsa ce ta lalace, har ya ba yaro ya kai wa mai gyara, ashe lafiyarta lau, kira ne babu. Mutumin da a da sai ya kashe waya in zai ci abinci. Direba ya koma ofis da mota, masu zuwa gaisuwar Juma'a sun koma gidan sabon darakta, ya ce ka san su wa suka rage? Ku da nake ƙin ɗaga wayarku ina cewa ina mitin. Na ce ai mun sani ranka ya daɗe, mun dai ƙyale ka ne. Yanzu shi ne ya fi kowa surutu a guruf, tun asuba yake turo barka da safiya da hoton fure.

Abin da nake gani, kuma ra'ayina ne, wanda bai yarda ba layinmu a buɗe yake bayan sharhi, shi ne ƙungiyoyin 'yan aji su rage kashe kuɗi a kama zauren otal da ɗinkin anko da buga kalanda. Kuɗin anko na mutum sittin zai biya maganin hawan jini na mutum nawa a shekara? Jerin sunayen waɗanda ba su biya ba kuma a daina mannawa, ma'aji ya riƙe a littafinsa, mai hali ya biya wa mara hali ba tare da kowa ya ji ba. In a ajinku akwai wanda ya san kan harkar fansho, ya zauna da masu shirin fita tun saura shekara biyu, a duba takardu, a gyara inda sunan da ke kan BVN, lambar shaidar banki, ya saɓa da na fayil, don irin wannan ƙaramin abu kan riƙe mutum wata da watanni. Wanda ke da gona ko shago ya ja ɗan uwansa ya nuna masa, kada garatuti ya sauka ya faɗa hannun masu cewa kawo miliyan ɗaya ka karɓi biyu, mun ga yadda waɗannan suka ƙare da mutane. Sannan a raba sunayen masu shirun nan, kowa ya ɗauki mutum biyu ko uku, ya kira, in da hali ya taka ya je. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a data ba.

Shi abokin nawa mai lissafi, da na dawo na kira mutum uku a gefe, ba a guruf ba, muka yi abin da ya sawwaƙa. Aka kuma samu wani ɗan ajinmu da ya san ofishin da fayil ɗin ya maƙale, ashe ranar haihuwa ce aka rubuta iri biyu. Har yanzu dai garatutin bai fito ba, amma fanshon wata-wata ya fara shigowa. Admin ya mayar da shi guruf ranar wata Laraba, bai ce komai ba sai da aka kwana biyu, sannan ya turo wani lissafi na fom tiri ya ce duk wanda ya amsa ba tare da ya tambayi jikansa ba yana da goro. Yau sati uku, farfesa ma bai amsa ba.

Sai mun ji daga gare ku, a ci gaba da sauraron shirye-shiryenmu.