Diane Arbus da mutanen da ake kau da kai daga gare su

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai wani hoto da aka ɗauka a 1970 a unguwar Bronx ta birnin New York. Wani mutum ne, Eddie Carmel, tsaye a falon iyayensa, ya dogara da sanda, ya ranƙwafa don kada kansa ya bugi silin. Cuta ce ta sa jikinsa ya ƙi daina girma, har ya zama abincinsa yana fitowa daga gidajen wasa inda ake biyan kuɗi a kalle shi. A hoton, mahaifiyarsa ta ɗaga kai tana dubansa, mahaifin na gefe cikin kwat. Babu 'yan kallo, babu dandali. Ɗa ne kawai a gaban iyayensa.

Wadda ta ɗauki hoton ita ce Diane Arbus, kuma sai da ta yi kusan shekara goma da sanin Carmel kafin ta sami wannan hoto. Wannan shekara goman ita ce abin da nake son mu tsaya a kai yau.

An haifi Diane a 1923 cikin daula. Danginta ne ke da katafaren kantin tufafi na Russeks a titin Fifth Avenue. Tana 'yar shekara 18 ta auri Allan Arbus, suka shiga ɗaukar hotunan kwalliya ga mujallu. A 1956 ta ajiye wannan sana'a, ta koma ɗaukar darasi wurin mai ɗaukar hoto Lisette Model, ta kama hanyar lungunan birni. Ta shiga gidan wasan Hubert's da ke titi na 42, ta zauna da wadanni, da masu haɗiye takobi, da maza masu shigar mata, da sauran waɗanda jama'a ke kallo da gefen ido.

Ko kyamararta ma tana da labari. Wajen 1962 ta koma amfani da Rolleiflex, wadda ake riƙewa a ƙirji ana leƙawa ta sama. Ke nan fuskar mai ɗaukar hoto ba ta ɓuya a bayan na'ura, ana hira ido da ido. Shi ya sa in ka duba yawancin hotunanta za ka ga mutumin ya tsaya cak yana kallonka, ya san ana ɗaukarsa. A kan titi ka saba wuce shi da sauri. A jikin bango kuwa shi ke ƙura maka ido, kai ne ka rasa inda za ka sa naka.

Ta sami tallafin kuɗi na gidauniyar Guggenheim sau biyu, a 1963 da 1966, sannan a 1967 gidan adana zane na MoMA da ke New York ya baje aikinta tare da na masu ɗaukar hoto Lee Friedlander da Garry Winogrand.

To, ba a rasa masu suka ba, kuma sukar ba ta banza ba ce. Marubuciya Susan Sontag, a littafinta On Photography na 1977, ta zarge ta da kallon waɗannan bayin Allah daga waje, babu tausayi, kamar 'yar gata da ta fito yawon buɗe ido cikin wahalar wasu. A kan yawancin aikin, ni ban yarda da Sontag ba. Mai yawon buɗe ido ba ya komawa wurin mutum ɗaya shekara da shekaru, ba ya samun izinin shiga ɗakin kwana. Tausayin da ake cewa babu ma, wa ya ce shi suke nema? Wanda aka saba yi wa kallon "Allah sarki" wani lokaci abin da yake so shi ne a dube shi kamar kowa.

Amma akwai inda maganar Sontag ta kama ni. Daga 1969 zuwa 1971 Arbus ta riƙa ɗaukar hotuna a gidajen kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa a jihar New Jersey. Hotunan suna da taushi, wasu suna dariya, wasu sanye da abin rufe fuska na biki. Duk da haka, wanda bai iya gane inda hotonsa zai je ba, yaya za a ce ya yarda? Carmel yana iya cewa a'a ya rufe ƙofa. Waɗannan ba su da ƙofar rufewa. Duk lokacin da na kalle su, wannan tambaya tana tsaya mini a wuya.

Arbus ta sha fama da ciwon damuwa, kuma a watan Yulin 1971 ta kashe kanta, tana da shekara 48. Shekara guda bayan haka aka rataye hotunanta a baje kolin Venice da ke Italiya, MoMA kuma ta shirya babban nuni na aikinta, jama'a suka yi ta tururuwa. A cikin wannan shekara ta 1972 ne shi ma Eddie Carmel ya rasu.

Masu sauraro, a huta lafiya.