Mitin ɗin ofis: yadda za a gama shi kafin mutane su fara hamma

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar mitin za mu yi, irin wanda ake kira ƙarfe tara a ce rabin awa ne kawai, kana ɗaga kai ka ga sha ɗaya ta gota, oga na ta zuba, wani na danne-dannen waya a ƙarƙashin tebur, wani ya yi tagumi kamar mai saurare nan kuwa gyangyaɗi yake.

To mu yi lissafi tukuna. Mutum 10 su zauna awa ɗaya, awa 10 kenan ta aiki ta tafi, kuma duk albashi ake biya a kanta. Irin wannan lissafin ne ya sa a farkon 2023 kamfanin Shopify ya soke duk wani mitin da ake maimaitawa na mutum sama da biyu, ya kuma ce ranar Laraba ba mitin. Saboda haka kafin ka tara mutane ka tambayi kanka, wace shawara za a yanke a zaman nan? In sanarwa ce kawai, haba, ka tura ta imel ko guruf ɗin WhatsApp kowa ya karanta a kujerarsa.

Akwai wani Bature ɗan Ingila, Northcote Parkinson, a 1955 ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki miƙewa yake yi har sai ya cinye lokacin da aka ware masa. Ka ba mitin awa ɗaya, wallahi sai ya kai awa ɗaya ko da maganar ta minti 20 ce. Shi dai mutumin nan ya kawo misalin kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin 'yan mintuna, don ba wanda ya fahimci abin balle ya yi musu, amma da aka zo kan rumfar ajiye kekuna sai kowa ya zama gwani aka yi ta ja-in-ja. Shi ya sa babban batu shi ake sa wa a saman ajanda tun kai bai ɗau zafi ba, kuma batu uku sun isa, a tura su tun jiya.

Sai dabarar tsayuwa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Missouri ta Amurka a 1999 ya gano mitin ɗin zaune ya fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin ɗari, kuma shawarar da aka yanke a zaunen ba ta fi kyau ba. Masu haɗa manhaja sun daɗe da kama wannan, kullum da safe minti 15 a tsaye, me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare ka, shi kenan kowa ya kama gabansa. Mai juna biyu ko mai ciwon ƙafa dai a ba shi kujera, ba horo ake yi ba.

A sa mutum ɗaya riƙon agogo, kuma a ba shi dama ta gaske, ko oga ne ya zarce ya iya cewa "ranka ya daɗe, saura minti biyu". In mutum biyu suka sarƙe kan abin da su kaɗai ya shafa, a ce su ƙarasa bayan an tashi.

Kalmar da ni na fi tsoro a mitin ita ce "za mu duba". Su wa za su duba? Yaushe? Kowane batu kafin a bar shi a faɗi sunan mutum ɗaya, aikin da zai yi, da ranar da zai kawo, sakatare ya rubuta ya tura wa kowa kafin a tashi daga aiki, mitin na gaba kuma da wannan takardar za a buɗe.