Corippo, ƙauyen da mutanensa suka ƙare kafin majalisarsa

Masu sauraro barkanmu da war haka. Yau sharhin namu zai kai mu kudancin ƙasar Suwizalan, jihar Ticino inda Italiyanci ake ji, cikin wani kwari da ake kira Verzasca. A jikin dutse can sama akwai ƙauye sunansa Corippo, gidajen duk na dutse ne har rufin ma falalen duwatsu aka jera, lungunan kuma matakala ce zalla, mota ba ta shiga sai dai ka ajiye ta a bakin gari ka taka da ƙafa kana haki.

Sunan garin nan ya fito a takarda tun 1224. Da can yana ƙarƙashin Vogorno ne, maƙwabtansu na tsallaken ruwa, sai a 1822 ya samu cin gashin kansa, ƙaramar hukuma guda da shugabanta da majalisarta. A 1850 an ƙirga mutum 294 a garin. To daga nan fa abin ya fara zubewa, don ƙasar duk dutse ce ba ta ciyar da kowa, 'yan awaki ne da shanu da 'ya'yan itacen kastanya da suke niƙawa su ci, shi ya sa samari suka dinga kama hanya zuwa Kalifoniya da Ostireliya, wasu neman zinare wasu aikin tatsar shanu, kuma da yawansu ba su dawo ba.

Wani abu da ya ba ni sha'awa, a da mutanen kwarin nan ba sa zama wuri ɗaya shekara guda. Lokacin zafi su hau tsauni da dabbobi, sanyi na shigowa su gangara filin Magadino kusa da Locarno. Duk wanda ya san yadda makiyayanmu ke tashi da garke idan rani ya yi ai ya gane maganar. Wannan tafiya da dawowa har cikin taswirar mulki ta shiga, kafin 2020 garuruwa irin su Lavertezzo suna da yanki ɗaya a kwari ɗaya kuma can ƙasa a fili, hukuma ɗaya ƙasa biyu.

A 2018 mutum 12 ne suka rage a Corippo, galibi tsofaffi, ita ce ƙaramar hukuma mafi ƙarancin jama'a a duk Suwizalan. Yanzu ku duba, mutum 12 ne za su fitar da shugaba da 'yan majalisa, su tara haraji, su gyara bututun ruwa in ya fashe, su kwashe ƙanƙara daga hanya? Ba zai yiwu ba wallahi. Ranar 18 ga Oktoba 2020 aka haɗe Corippo da Vogorno da Brione da Frasco da Sonogno da yankunan kwari na Lavertezzo da Cugnasco-Gerra aka yi hukuma ɗaya mai suna Verzasca. Bayan shekara 198 sun koma inuwa ɗaya da Vogorno ɗin da suka rabu da ita. Ba su kaɗai ba ne kuwa, a 1850 ƙananan hukumomin ƙasar sun haura 3,200, yau ba su kai 2,200 ba.

Ni a ganina haɗewar daidai ce, tsoho mai shekara tamanin ruwan famfo yake buƙata da hanya mai kyau. Abin da ke damuna shi ne an fi kula da gidajen fiye da masu gidajen. Tun 1975 aka sa Corippo cikin wuraren tarihi da ake karewa, aka kafa gidauniya domin hakan, a 2022 kuma aka buɗe otal wanda ɗakunansa tsofaffin gidajen garin ne a warwatse, baƙo ya karɓi makulli a gidan abinci na dandali ya bi lungu ya nemi ɗakinsa. Yana da kyau, ya kawo aiki. Amma baƙon nan kwana biyu zai yi ya tafi, kuma cocin garin da aka gina tun ƙarni na 17 yana nan a dandali, in hunturu ya shigo masu zuwa cikinsa da yatsu za ka ƙirga su.