Layi Biyu, Saƙo Ɗaya: Yadda MPTCP Ke Hana Fakitoci Rikicewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina muku magana daga Louvain-la-Neuve a ƙasar Beljiyam, garin da jami'arsa ta yi babban aiki kan tsarin MPTCP a ƙarƙashin Farfesa Olivier Bonaventure. Ku dubi teburin nan. Ga kwamfuta mai Linux tana kan Wi-Fi, ga ƙaramin modem na 4G da na soka mata ta USB. Abin da mutane ke yawan tambaya, musamman 'yan uwa na gida masu riƙe da layi biyu, shi ne: me zai hana a haɗa su biyun su ja fayil ɗaya tare?

Ana iyawa. Wahalar tana wajen jerin isowa.

Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowane fakiti na ɗauke da bayit 1460 ko ƙasa da haka, kuma TCP na sa wa kowane bayit lamba. A ce ka raba su da ka, ɗaya nan ɗaya can. Ga ping a allo: Wi-Fi na zuwa ya dawo cikin milisakan 15, 4G kuwa wajen 80. Fakiti na 1, na 3, na 5 da na 7 za su iso alhali na 2 yana hanya. Duk lokacin da wani ya tsallake layi, mai karɓa zai sake cewa na 2 yake jira. Da zarar mai aikawa ya ji wannan maimaici sau uku, sai ya ɗauka na 2 ya ɓata, ya sake turo shi, ya kuma rage saurinsa da rabi. Babu abin da ya ɓata, amma gudu ya karye. Ga kuma wata matsala: TCP na gane haɗi ne da adireshin IP biyu da lambar ƙofa biyu, kuma Wi-Fi da modem kowa da nasa adireshin. Sannan na'urorin tsaro da ke kan hanya, idan suka ga lambobi na tsalle da giɓi, wasu sukan watsar da fakitin.

Maganin da MPTCP ya kawo shi ne lamba hawa biyu. An fitar da ƙa'idarsa ta farko, RFC 6824, a 2013, shekarar da Apple ya fara amfani da shi don Siri a iOS 7. RFC 8684 ta maye gurbinta a 2020, kuma a shekarar ne ya shiga Linux 5.6.

Bari mu tsaya nan sosai, don nan ne zuciyar abin. Kowace hanya reshe ce mai zaman kanta, cikakkiyar TCP, da lambobinta a jere ba giɓi. A samansu kuma akwai lamba ta biyu mai bit 64, ta saƙon gaba ɗaya. Ku kalli takardar nan. Bayit 1 zuwa 1400 sun bi Wi-Fi, 1401 zuwa 2800 sun bi 4G, 2801 zuwa 4200 sun koma Wi-Fi. A idon reshen Wi-Fi, abin da ya ɗauka shi ne 1 zuwa 1400, sai 1401 zuwa 2800, sumul. A idon reshen 4G, 1 zuwa 1400 ne kawai. Wani ɗan bayani da ake kira DSS, wanda ke cikin zaɓin TCP mai lamba 30, shi ke faɗa wa mai karɓa cewa gunduwar nan ta reshe kaza, mai tsawo kaza, mazauninta a babban saƙo shi ne wuri kaza. Kamar ɗan kasuwar da ya loda buhuna a mota biyu ne: kowane direba na da lissafin motarsa, amma a jikin kowane buhu akwai lambar mai kaya.

Shi ya sa shaidar karɓa ma biyu ce, ta reshe da ta babban saƙo. Idan 4G ya yanke ana tsakiyar aiki, duk abin da ba a tabbatar da shi a hawan sama ba za a sake turo shi ta Wi-Fi da lambarsa ta asali. In kwafi biyu suka iso, a yar da ɗaya.

To, a ina 2801 zuwa 4200 za su zauna kafin na 4G ya iso? A ma'ajiyar mai karɓa, kuma ma'ajiya ɗaya ce rassan ke rabawa. Wannan shi ne abin da ya fi karya mutane. Manhaja ba za ta ga ko bayit ɗaya ba sai an cike giɓin, kuma idan ma'ajiyar ta cika, Wi-Fi ɗin mai sauri dole ya tsaya cak yana jiran mai nawa. Lissafin girmanta: haɗa saurin hanyoyin, ka ninka da jinkirin da ya fi tsawo, ka sake ninkawa biyu. Megabit 50 da 20 sun ba da 70. Sau sakan 0.08, sau biyu, ya kama megabayit 1.4. Wannan ba komai. Amma 4G idan aka danna masa lodi, jinkirinsa kan haura har rabin sakan saboda dogon layi a cikin na'urorin hanya, sai buƙatar ta tashi zuwa megabayit 8.75. Ga abin da sysctl net.ipv4.tcp_rmem ya nuna a nan: lamba ta uku 6291456, wato megabayit 6. Bai isa ba, sai an ɗaga.

Daga ɓangaren mai aikawa, dabarar da ta fi shahara ita ce a fara cika hanya mafi ƙarancin jinkiri, sai ta ƙoshi a zuba wa ɗayar. Masu bincike sun ƙara wata a 2012: idan fakitin da ke kan hanya mai nawa ya toshe komai, a sake turo shi ta mai sauri, a kuma rage wa mai nawan kaso.

Yanzu ga yadda ake kunnawa. Ka tabbatar net.mptcp.enabled na kan 1. Sai ip mptcp limits set subflow 2. Sai ka gabatar da modem ɗin: ip mptcp endpoint add 192.168.8.100 dev usb0 subflow. Kada ka manta da teburin hanya na daban, ip rule add from 192.168.8.100 table 2, da ip route add default via 192.168.8.1 dev usb0 table 2. In ka tsallake wannan, fakitin reshe na biyu na iya fita ta ƙofar Wi-Fi da adireshin da ba nata ba, a watsar da shi. Gwaji kuma: mptcpize run iperf3 -c sai adireshin sabar, sai -R don a jawo daga can.

Dole sabar ita ma ta san MPTCP. Idan ba ta sani ba, ko wata na'ura a tsakiya ta goge zaɓi na 30, haɗin zai koma TCP na yau da kullum shiru, babu gargaɗi. Don haka kada ka yarda da ido. Buga ss -Mni ka ga ko reshe na biyu ya tashi. Sai nstat -az, ka nemi OFOQueueTail da DuplicateData. Na farko na ƙirga abin da ya iso kafin lokacinsa, na biyu kuma abin da ya zo sau biyu. Ku ga yadda na farkon ke hawa tun da na fara gwajin.

Ra'ayina, idan jinkirin hanya ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa, kuma saurinta kaɗan ne, kada ka tilasta musu tafiya tare. Ƙara kalmar backup a ƙarshen umarnin endpoint ɗin nan. Modem zai zauna a shirye ba ya cin data sosai. Bari in kashe Wi-Fi ku gani. Na kashe. Ya ɗan dakata, ga shi lambobin sun ci gaba ta usb0, kuma iperf3 bai yanke ba.