Alwala a Banɗaki: Ta Yi ko Ba Ta Yi Ba?

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa masu kallo.

A gidan da na tashi, makewayi yana can ƙuryar gida, buta kuwa tana tsakar gida a bakin rariya. Ka gama uzurinka, ka fito, ka jawo kujera 'yar tsuguno, ka yi alwala a sarari. Ba mai tambayar malam hukuncin alwala a bayi, don ba mai yin ta a can. Yau gini ya canja. Ɗaki ne da banɗakinsa a ciki: masai, famfon wanka da kwamin wanke hannu duk wuri guda. Haka a asibiti, haka a otal, haka a ɗakin kwanan ɗalibai.

Wata gwaggona ta taɓa zuwa jinya birni, ta sauka wurinmu a bene. Da asuba, cikin sanyin hunturu, na iske ta a kan matakala, buta a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana dafe da bango saboda ciwon gwiwa. Na ce, "Gwaggo, ina zuwa da sanyin nan?" Ta ce, "Ɗan nan, ƙasa zan sauka. Ai wadda aka yi a bayi ba alwala ba ce." Ta ba ni tausayi ƙwarai, kuma na san irinta suna da yawa.

To, alwalar da aka yi a banɗaki ta yi, sallar da aka yi da ita ma ta yi. Farillan alwala a mazhabar Malikiyya bakwai ne, kamar yadda muka koya a makarantar zaure: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da yin su a jere ba tare da dogon jinkiri ba. Huɗu daga ciki suna aya ta 6 a Suratul Ma'ida. Duba su da kyau, babu wurin alwala a cikinsu.

Sai dai Gwaggo ba daga sama ta ɗauko maganarta ba. Shehu Khalil, da ya zo lissafa mustahabban alwala a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, da wuri mai tsarki ya fara. Shehu Dardir kuma a sharhinsa ya ƙara bayani: wurin ya zama mai tsarki, kuma ya zama irin wurin da aka sani da tsarki. Saboda haka a wurinsa alwala a makewayi makaruhi ce, ko da sabo ne fil ba a taɓa shigarsa ba. Wannan shi ne asalin abin da iyayenmu suka riƙe, kuma ladabi ne mai kyau. Inda aka samu kuskure shi ne ɗaukar makaruhi kamar haram ko ɓatacce. Makaruhi abu ne da barinsa ya fi, amma wanda ya yi shi bai yi zunubi ba, ibadarsa kuma ba ta rushe ba. Idan kana da tsakar gida, ko baranda, ko famfo a waje, fita ka yi a can. Idan babu, ko fitar za ta wahalar da kai kamar Gwaggo, sanannen abu ne wurin malamai cewa buƙata tana ɗauke karhanci.

Me ya sa aka ƙi wurin tun farko? Abu biyu ne: tsoron najasa, da girmama sunan Allah.

Zancen najasa ba na wasa ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wasu kaburbura biyu ya ce ana yi wa masu su azaba: ɗaya ba ya kiyaye kansa daga fitsari, ɗayan kuma annamimi ne. Akwai kuma hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal a wurin Abu Dawud da Tirmizi, wanda ya hana mutum yin fitsari a wurin wankansa, domin yawancin waswasi daga nan yake tasowa. Ka kwatanta wurin wankan da daɓen ƙasa ne, fitsari ya jiƙa shi ya zauna, kana zuba ruwa yana fallatso maka. Dole zuciya ta ƙi natsuwa. Amma magabata sun gane dalilin hanin. Tirmizi ya kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa akwai sauƙi idan ruwa yana gudana a wurin. Banɗakin tayil ko siminti mai magudana ya shiga nan. Ka kwara ruwa a ƙasa ya tafi da abin da ke wurin, ka rufe murfin masai, ka sa silifas, ka tattare bakin wando ko zani, shi ke nan.

A nan nake so in ɗan tsaya, don waswasi ya fi najasar kanta wahalar da mutane. Wani zai yi alwala sau uku, ya canja wando sau biyu, har jam'i ya wuce shi, wai ɗigon ruwa ya taɓa shi. Ɗan'uwa, najasa ko da ta tabbata ta taɓa ka, ba ta warware alwala. Wurin kawai za ka wanke. Malikiyya kuma sun rarrabe shakka gida biyu. Ka san abu najasa ne, amma kana shakka ko ya taɓa rigarka: sai ka yayyafa wa wurin ruwa. Ruwa ya fallatso maka, amma ba ka san ko najasa ba ne: babu komai a kanka. Mafi yawan abin da ke damun mutane a banɗaki na biyun ne, ruwan famfo ne ya daki tayil ya dawo.

Rage ruwa ma yana rage fallatsi. Anas ya ce Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana alwala da mudu ɗaya. Ba mudun kasuwa da ake auna gero da shi ba, mudun Annabi, cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Wanda ya buɗe famfo har ƙarshe shi yake jiƙa kansa da kansa.

Sai bisimilla, wadda ita ce tambayar da ta fi yawa. Ba a ambaton Allah da baki a wurin biyan buƙata. Muslim ya ruwaito cewa wani ya yi wa Annabi sallama yana fitsari, bai amsa masa ba. To ya za a yi da bisimillar alwala? A Malikiyya mustahabbi ce, a Hanafiyya da Shafi'iyya sunna ce, don haka wanda ya bar ta alwalarsa tana nan daram. Hanbaliyya ne suka wajabta ta ga wanda ya tuna. Shi ya sa Shehu Ibn Baz ya ce mai alwala a banɗaki saboda buƙata ya faɗe ta, shi kuwa Shehu Ibn Usaimin ya ce ya yi ta a zuci kada ya furta. Abin da na fi natsuwa da shi, kuma shi na gaya wa Gwaggo: ki yi bisimilla a bakin ƙofa kafin ki shiga idan alwalar kaɗai ta kai ki. Idan kuwa sai da kika kama ruwa tukuna, ki yi ta a zuciya. Niyya dama a zuciya take, ba ta buƙatar harshe.

Mai wankan janaba kada ya damu, alwalar da ke cikin wankan a nan wurin wankan ake yin ta. Nana Maimuna ta ba da labarin cewa Annabi ya jinkirta wanke ƙafafunsa sai da ya gama wanka, ya matsa gefe, sannan ya wanke su. Idan ruwa yana taruwa a inda kake tsaye, kai ma yi haka.

Addu'ar shiga, "Allahumma inni a'uzu bika minal khubusi wal khaba'is", a waje ake yin ta, a shiga da ƙafar hagu. Idan ka gama, ka fito da dama, ka ce "Gufranaka". Kalmar shahada da ake yi bayan alwala, wadda hadisin Umar a Muslim ya ce ana buɗe wa mai yin ta ƙofofin Aljanna takwas, ka riƙe ta sai ƙafarka ta taka waje, ka ja ƙofa, sannan ka faɗe ta.